Audugar Jazira da Hannayen Mai Wurno: Abubuwan Ban Mamaki a Taƙaice

Duk wanda ya ji tarihin Sarkin Musulmi Attahiru ya san Burmi, ya san 1903. Abin da ba kowa ya bi sawunsa ba shi ne inda ragowar jama'ar suka ƙare, da irin aikin da suka tarar yana jiransu a gabas. Sun bar gida don gudun mulkin Nasara, suka je suka iske ya riga su isa Sudan, yana kuma cigiyar hannayen da za su cire masa auduga. Ga kaɗan daga abin da ya biyo baya, a gurguje.

Gari a bayan madatsa

Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Attahiru, yana cikin waɗanda suka fita da rai daga yaƙin Burmi na ranar 27 ga Yuli 1903. A 1906 ya isa bakin Shuɗin Nilu, ya fara sauka a Shaikh Talha, daga baya ya tsallaka gaɓar yamma ya kafa garin da har yau ake kira da sunansa. A lokacin babu madatsa, babu magudana, sai daji da kogi. Da Turawa suka tashi datse kogin sai suka zaɓi Makwar, dab da Sinnar, 'yar tafiya kaɗan arewa da garin Mai Wurno. An gama ginin a 1925, tsawonsa ya ɗan haura kilomita 3. Daga nan babbar magudanar da ke shayar da gonakin Jazira ta tashi, ta yi arewa. Mai Wurno kuwa yana kudu. Mutanen yamma sun yi leburanci a ginin, amma ruwan magudanar bai bi ta gonakin garin ba. Nomansu na damina ne, sai lambun bakin kogi da abin da injin ban ruwa ya ɗaga. Mai neman kuɗin audugar gwamnati sai ya ɗaure ƙunshinsa ya bi ruwan.

Da farko Turawa sun yi ta sa wa Mai Wurno ido, suna tsoron kada ɗan Sarkin Musulmi ya haɗa kai da 'yan Mahadiyya. Da suka lura cewa in ana neman ma'aikata shi ke iya tara su, sai zargi ya koma mu'amala. Aka bar jama'arsa suka riƙa kafa ƙauyuka har bakin kogunan Dindir da Rahad. Ya rasu a 1944.

Ba'amurken da ya so dawo da jikokin bayi

Kamfanin da ya riƙe audugar Jazira shekara 25, Sudan Plantations Syndicate, ba ɗan Ingila ne ya aza tubalinsa ba. Wani Ba'amurke ne, Leigh Hunt, wanda ya taɓa shugabantar kwalejin noma a Iowa, ya mallaki jarida a Seattle, ya karye, ya je Koriya ya haƙi zinariya ya farfaɗo. A 1904 ya sami fili a Zaidab, arewa da Kartum, da wata dabara a ransa: ya kwaso baƙaƙen Amurka, 'ya'ya da jikokin bayin da suka yi noman auduga a can, su zo su yi a Sudan. 'Yan kaɗan ne suka zo, daga makarantar Tuskegee ta Booker T. Washington, ba su kuma daɗe ba. Hunt ya janye, masu kuɗin ma'adinan Afirka ta Kudu suka karɓi ragamar, Frederick Eckstein ya zama shugaba. Tambayar da ta gagari Hunt ita ta ci gaba da damun magadansa: wa zai yi aikin? Amsar tana tafe a ƙafa daga yamma, da niyyar Makka.

Kano ta ƙi

A 1902 masu masaƙun Lankasha suka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga a Manchesta, don sun gaji da dogaro da Amurka. Sun ƙwallafa rai a kan Arewacin Najeriya. Suka kafa injin gurza a Zariya, suka zauna jiran jirgin ƙasa ya isa Kano ya kwaso musu kaya. Dogo ya isa a 1911, aka buɗe shi a 1912, sai ga taragu cike da gyaɗa. Manomin Kano ya yi lissafinsa: gyaɗa ta fi kawo kuɗi, in ta ƙi sayuwa a ci, audugar da ya noma kuma masaƙan gida sun fi Bature saye da daraja. Ƙungiyar nan ta Manchesta tana cikin waɗanda suka matsa wa gwamnatin Ingila har majalisa ta tsaya wa Sudan a kan bashin fam miliyan 3 a 1913. A Jazira ba a bar wa manomi irin lissafin Bakano ba. Mai riƙe da ruwa shi ke faɗin abin da za a shuka, da ranar shuka, da wanda za a kai wa amfanin.

Harsashi a Alƙahira, ruwa a Sinnar

Ranar 19 ga Nuwamba 1924 aka harbi Lee Stack, Gwamna Janar na Sudan, a titin Alƙahira, washegari ya mutu. Cikin hukuncin da Allenby, wakilin Ingila a Masar, ya miƙa wa gwamnatin Masar akwai tarar fam 500,000 da janye sojojin Masar daga Sudan. Akwai kuma wani sharaɗi da bai da alaƙa da kisan ko kaɗan: gonakin Jazira, da aka yi alkawarin ba za su wuce fadan 300,000 ba don kada ruwan Masar ya ragu, yanzu za a faɗaɗa su ba iyaka. Firayim Minista Sa'ad Zaglul ya ajiye aiki. Daga baya an sassauta, aka yi yarjejeniyar ruwan Nilu ta 1929, amma kowa ya ga abin da ke zuciyar masu mulki.

Arba'in, ashirin, arba'in

Nan ne gizo ke saƙar. Gwamnati ta kawo ƙasa da ruwa, kamfani ya kawo sa ido da gurza da sayarwa, manomi ya kawo aiki. Da farko rabon kuɗin auduga 35 ne na gwamnati, 25 na kamfani, 40 na manomi. Daga baya ya zauna a 40, 20, 40. An sha yabon tsarin a duniya, ana cewa tarayya ce ta mutum uku, har ƙasashe na aiko jami'ansu su zo su gani.

Kowane manomi an ba shi hawasha, gona mai fadan 30 da farko, daga baya 40, ana sa auduga a fadan 10. Fadan ɗaya murabba'in mita 4,200 ne. Dawar da ya shuka tasa ce shi kaɗai, amma auduga sai yadda mufattish, Baturen da ke zagaya gonaki, ya ce. Wanda ya yi sakaci ana iya ƙwace hawashar. Turawa sun ɗauka mutum da iyalinsa za su iya aikin. Ba su iya ba, wasu ma ba su yi niyya ba, don a idon mai asali wannan aikin bayi ne. Ga shi auduga mai dogon gashi ba ta buɗewa lokaci guda, sai an bi gona sau da dama, da hannu, tun daga Janairu har Afrilu. Dole aka nemo mutum na huɗu.

Shi wannan na huɗun, mai cire ciyawa, mai cirar auduga, mai tuge kara a ƙone bayan kaka, ba ya cikin 40, ba ya cikin 20. Daga kason mai hawasha ake biyansa. Kamfani yakan ba mai hawasha rancen kuɗin cira, ya zare abinsa ranar lissafi, shi ke nan ya wanke hannunsa. A littafin kamfani mai cira ba ma'aikaci ba ne. In ya kwanta ciwo, ko aka danne masa lada, tsakaninsa ne da wanda ya ɗauke shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Yau masu nazarin masana'antar tufafi suna kokawa da yadda babban kamfani ke ba da kwangila, ɗan kwangila ya ba wani, har a rasa wanda alhakin ma'aikaci ke wuyansa. A ganina Jazira ta riga su da shekaru masu yawa, kuma ta yi nata a rubuce, da hatimin gwamnati.

Girshi goma

Masu ƙasar na asali ba a saye ta a hannunsu ba, ba a kuma bar musu ba. Doka ta tilasta musu ba gwamnati haya ta shekara 40, a kan girshi 10 kowane fadan a shekara. Girshi 100 ne fam ɗaya.

Wasiƙar manya, da ladan albarka

Ranar 6 ga Maris 1925, shekarar da aka gama madatsa, manyan shugabannin addini uku na Sudan, Sayyid Ali al-Mirgani da Sharif Yusuf al-Hindi da Sayyid Abdurrahman al-Mahdi, suka rubuta wa shugaban ofishin leƙen asiri na Turawa takarda suna neman a rage saurin ba bayi 'yanci. Hujjarsu: noma zai rasa hannaye.

Sayyid Abdurrahman, ɗan Mahadi, ya warware tasa matsalar ta wata hanya. A tsibirin Aba da ke Farin Nilu ya buɗe gonakin auduga, mabiyansa daga Darfur da Kurdufan da ƙasashen yamma suka yi ta kwarara, suna aiki don neman albarka, abin da ke shiga hannunsu bai wuce ci da sutura da ɗan abin kashewa ba. Kafin yaƙin duniya na biyu ya zama ɗaya daga cikin mafiya arziki a Sudan, kuma da kuɗin audugar nan aka riƙa ɗaukar nauyin jam'iyyar Umma da aka kafa a 1945. Ba ni da ta cewa kan niyyar mai neman albarka. Audugar dai da fam aka sayar da ita.

Guffa

Mai cira ba a biyansa da yini, da kwando ake biyansa. Kwandon shi ne guffa, mai ɗaukar ratal 35, kusan kilo 16. Guffa 9 ke yin kantar ɗaya mai ratal 315, ma'aunin audugar da ba a gurza ba. In shekara ta yi kyau fadan ya ba da kantar 4, hawasha ɗaya na bukatar guffa 360 ke nan, kowane curi da yatsa aka zare shi daga ɓawo mai tsini. Tunda da kwando ake biya, duk hannun da ke gida kuɗi ne: uwa na cira, yara na cira, a tara a awo ɗaya, a miƙa wa maigida. Ba wanda ya ɗauki yaro aiki, ba sunansa a ko'ina, amma ga shi cikin gona. Masu zuwa daga nesa kuma yawanci sun riga sun ci kuɗin kafin alƙalami a hannun dillalin da ya kwaso su a mota, don haka da bashi suke fara kaka.

31 ga Disamba 1897

A kakar 1930 zuwa 1931 cututtuka biyu suka faɗa wa audugar Jazira, mai baƙanta kara da mai nannaɗe ganye, fadan bai kai ga kantar 2 ba, ga kasuwar duniya ta faɗi. Masu hawasha da yawa suka watsar suka tafi. Waɗanda suka karɓa suka riƙe wa kamfani gona a shekarun wuya, da yawansu Hausawa ne da Fulani da Barebari, waɗanda 'yan ƙasa ke haɗa su a kira Fallata ko Takari.

Da farashi ya tashi bayan yaƙin duniya na biyu, hawasha ta koma abin rububi. A 1948 aka yi dokar da ta fayyace wane ne ɗan Sudan: wanda shi ko iyayensa ta wajen uba suke zaune a ƙasar tun 31 ga Disamba 1897, wato kafin Turawa su ci Umdurman. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta riƙe wannan rana. Ayarin Mai Wurno ya iso 1906. A takarda sun makara da kusan shekara tara, balle na bayansu. Sabuwar hawasha kuwa ta ɗan ƙasa ce. Da aka buɗe faɗaɗar Manaƙil daga 1957, wadda ta kai gonakin ga fadan sama da miliyan 2, an bukaci hannayensu fiye da da, amma ba a layin rabon gona ba. Abin da ya rage shi ne noman raba daidai: mai hawasha ya ba da fili, Bahaushe ya noma, a raba. Abin dariya, amfanin da suka fi shahara da shi a wannan tsari gyaɗa ce. A dokar 1994 aka kai ranar zuwa 1 ga Janairu 1956, lokacin an daɗe da gama rabo.

Alhazan da ba su isa ba tukuna

Hanyar tsohuwa ce: Kano, Maiduguri, Fort Lamy, Abeshe, Junaina, Fashir, Ubayyid, Kosti, Sinnar, sai Suwakin a hau jirgin ruwa. Mutum ya tsaya cirar auduga kaka ɗaya don ya haɗa guzuri, kaka ta zama goma. Masani Bawa Yamba, a littafinsa na 1995, ya ba da labarin jikoki da tattaɓa kunnen da aka haifa a Sudan waɗanda har lokacin suna ɗaukar kansu matafiya ne a hanyar Makka, wasu ma suna ƙin gina gidan bulo don kada ya zama sun yanke niyya. Ga mai gona babu ma'aikacin da ya fi wannan daɗi: mai tsoron Allah, mai tattali, wanda ba ya neman fansho don a ransa gobe zai wuce.

Rantsuwar 1946

A 1946 masu hawasha suka ji cewa akwai wani asusun ajiya, kimanin fam miliyan 1.3, da aka riƙa yankewa daga kasonsu. Suka rantse ba za su shuka ba sai an ba su. Aka sasanta a kan fam 400,000. A 1950 wa'adin kamfani ya ƙare, hukumar gwamnati mai hedkwata a Barakat ta karɓa, shugabanta na farko Arthur Gaitskell, wan Hugh Gaitskell da ya zo ya jagoranci jam'iyyar Leba a Ingila. Ƙungiyar masu hawasha ta yi ƙarfi har bayan juyin Oktoba 1964 shugabanta, Al-Amin Muhammad al-Amin, ya zama minista. Duk wannan gwagwarmaya ta neman ƙarin kaso ce ga mai hawasha. Mai cira, wanda mai hawasha ne ubangidansa, ba ya cikin ƙungiyar.

Ɗakin Kosti

Sudan ta sami 'yanci ranar 1 ga Janairu 1956. Ba a cika wata biyu ba manoman gonar auduga ta Joda, ta 'yan kasuwa ce a bakin Farin Nilu, suka ƙi miƙa auduga sai an biya su kuɗin da suke bi, an kuma bar su sun ga lissafi. Aka yi arangama da 'yan sanda, aka kama ɗaruruwa, aka kai su Kosti aka cusa su a ɗaki ɗaya na bariki, aka rufe. Da gari ya waye kusan mutum 200 sun mutu saboda zafi da rashin iska. Ba Bature ne ya rufe ƙofar ba, gwamnatin Isma'il al-Azhari ce ke mulki. Har yau 'yan Sudan na kiran abin Anbar Joda.

Mai sayar da magani shi ne likita

An fara fesa DDT a audugar Jazira a tsakiyar shekarun 1940, sau ɗaya a kaka, daga baya aka koma feshi da jirgin sama. Kafin ƙarshen shekarun 1970 ana yi sau takwas ko tara. A wannan tsakani aka ba kamfanonin magani, babbansu Ciba-Geigy na Suwizalan, kwangila a dunƙule: su za su duba ƙwari a gona, su za su ce a yi feshi, su za su kawo maganin, su za su fesa. Sakamakon bai ba mai hankali mamaki ba. Maganin ya kashe ƙwarin da ke cin 'yan uwansu, farin ƙuda, da can ba shi ne babbar matsala ba, ya yi yawa ya kuma daina jin magani. Yana zubar da wani ruwa mai danƙo a kan audugar da ta buɗe, ta riƙa manne wa injinan kaɗi a Turai, masu saye suka karya farashin audugar Sudan. Kuɗin feshi kuwa daga lissafin auduga ake cirewa. A farkon shekarun 1980 aka soke tsarin, aka hana DDT.

Jirgin feshi ba ya bambanta gona da bukkar da ke gefenta, ko magudanar da ake ɗiban ruwan sha. A Hasahisa akwai wurin da aka jibge tsofaffin magungunan ƙwari, mutanen gari sun daɗe suna kuka da shi. Mai son kai ƙara yau sai ya fara neman wanda zai kai: Ciba-Geigy ya haɗe da Sandoz a 1996 suka zama Novartis, ɓangaren noma ya koma Syngenta a 2000, kamfanin ChemChina na Sin ya saye shi a 2017.

Tsargiya

Kafin magudanai tsargiya ba ta yi ƙarfi a Jazira ba. Ruwa mai tafiya a hankali ya zama gidan dodon koɗin da ke raino ta, ya zama gidan sauro. Hukuma ta fi ɗora laifin a kan baƙi, leburorin Masar da alhazan yamma, ana tsare su ana gwada su a hanya. Zuwa shekarun 1970 akwai ƙauyukan da fiye da rabin mutanensu ke ɗauke da ita, kuma ta fi tsanani a jikin masu yashe magudana, waɗanda ke yini tsulum cikin ruwa. Sai a 1979 aka kafa babban shirin yaƙi da ita tare da Hukumar Lafiya ta Duniya.

Ta tafi a dila, ta dawo lafaya

A zamanin sarautar Funj ta Sinnar, dammur, saƙin hannu na gida, har kuɗi ne da ake ciniki da shi, kamar yadda gabaga ta kasance a Barno. A zamanin Turawa audugar Jazira mai kyau sai ta bi dogo zuwa Port Sudan, ta hau jirgi zuwa Ingila, a kaɗa, a saƙa, ta dawo lafaya. Wadda matan birni suka fi so ta kamfanin Tootal ce na Manchesta, har sunan ya zama sunan kaya. Kamar yadda matanmu ke raɗa wa atamfa suna, su ma haka: akwai lafayar da aka kira Kartum da Dare, akwai Tauraron Rasha. Matar da ta cire audugar ba ita ke ɗaura irin wannan ba. An dai karrama shukar: a bayan sulallan farko na Sudan mai 'yanci akwai rassan auduga, a gaba kuma ɗan wasiƙa bisa raƙumi.

Dogon da aka sayar a kilo

A da Jazira tana da nata ƙaramin jirgin ƙasa, faɗin layinsa ƙafa 2 kacal, tsawonsa ya haura kilomita 1,000, yana kwasar auduga daga gonaki zuwa injinan gurza na Maringan da Hasahisa. Dokar 2005 ta sakar wa manomi mara ya shuka abin da ya ga dama, a 2009 aka sallami dubban ma'aikatan hukumar, aka tuttuge dogon aka sayar wa 'yan jari-bola. A 2012 aka shigo da irin auduga na Sin da aka sauya wa halitta.

Ƙaro ya tsira

Da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumi a 1997, an samar wa ƙaro ƙofar fita, don kamfanonin lemon kwalba da na magunguna ba su da madadinsa. Auduga tana da madadi a ko'ina, ba wanda ya yi mata ceto.

Abin da wuyan riga ba ya faɗa

'Yar takardar da ke wuyan rigarka tana faɗin inda aka ɗinka ta, ba inda aka noma audugar ba. Audugar Sudan takan tafi Masar ko Pakistan ko Turkiyya ko Sin, a gauraya ta da ta wasu ƙasashe tun a injin kaɗi. Da benen Rana Plaza ya rufta a Bangladesh ranar 24 ga Afrilu 2013 ya kashe mutum 1,134, an tono sunayen manyan kamfanoni a cikin ɓaraguzai, kunya ta sa fiye da 200 suka sa hannu a yarjejeniyar tsaron gini da gobara. Yarjejeniyar ta tsaya a masana'anta, ba ta isa gona ba. Inda aka kai ga gona shi ne Uzbekistan, da gwamnati ta riƙa tilasta wa ɗalibai da malamai da ma'aikatan asibiti fita cira: kamfanoni sama da 300 suka ƙaurace wa audugarta har Maris 2022. Can akwai gwamnati ɗaya da za a nuna wa yatsa. A Jazira ba wanda ya tilasta wa kowa a takarda. Tarayyar Turai ta yi doka a 2024 da ke wajabta wa manyan kamfanoni bin diddigin haƙƙin ma'aikata a wajen masu kawo musu kaya, a 2025 aka ɗage fara aiki da ita. Akwai ma masu gwada zare a ɗakin bincike su gano ƙasar da audugar ta tsiro. Gwajin ba ya nuna nawa aka biya guffa.

Kambo

Mutum na huɗu yana da adireshi: kambo, jam'insa kanabi. Rukunin bukkoki ne da ɗakunan laka a gefen magudana ko bakin gona, waɗanda aka kafa da sunan zaman wucin gadi na kaka ɗaya, wasu yanzu sun ga jikoki da tattaɓa kunne. Mazaunansu 'yan asalin Darfur ne da duwatsun Nuba da Kudu da Chadi da ƙasar Hausa. Galibinsu ba a yi musu rajista a matsayin ƙauye ba, don haka makaranta da famfo da asibiti da wuta sai a ƙauyen masu hawasha, in an yarda. Mai Wurno da ire-irensa sun tsira daga wannan don suna da ƙasarsu da sarautarsu tun farko. Ko a can kudu ma maganar ba ta mutu ba: rikicin 2022 a jihar Shuɗin Nilu, da ya ci ɗaruruwan rayuka, a kan ƙasa ne da neman sarautar gargajiya ga Hausawa.

A yaƙin da ya ɓarke tsakaninsu da sojojin Sudan, dakarun RSF sun kama Wad Madani, babban birnin Jazira, a Disamba 2023, sojoji suka ƙwato ta ranar 11 ga Janairu 2025. Ana gobe za su shiga, mayaƙan Abu Aƙla Kaikal da ke mara wa sojoji baya suka faɗa wa Kambo Tayba, a gabashin jihar Jazira. Human Rights Watch ta ce sun kashe aƙalla mutum 26. Zargin da aka riƙa yi wa mutanen kanabi shi ne goyon bayan RSF.

Kafin yaƙin mutanen kanabi sun kafa ƙungiyarsu, sun yi ta neman filin zama mai takarda, har batunsu ya shiga yarjejeniyar zaman lafiya ta Juba ta ranar 3 ga Oktoba 2020. Wanda ya sa hannu a madadin gwamnatin Sudan a ranar shi ne Muhammad Hamdan Dagalo, Hamidti, shugaban RSF.